Ba kowane koren ruwa ne abincin ƙumar ruwa ba

Na gaji da sababbin masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a unguwannin Saga da Harobanda na Yamai da ke nuna mini ruwa kore shar, suna murna wai abinci ya samu. Ƴan uwa, koren nan iri biyu ne.

Kwana 3 bayan ƙyanƙyasa, ƴaƴan tarwaɗa sun shanye ƙwanduwarsu, sai su koma farautar ƙumar ruwa, wato ƴan mitsi-mitsin halittun ruwa su Moina da Daphnia. Ita kuma ƙumar, gansakukar da ke sa ruwa ya yi kore take tacewa ta ci. Irin su Chlorella suna sa ta hayayyafa. Amma mai shuɗi-shuɗin nan, Microcystis da Anabaena, asalinta ma bakteriya ce. Ba ta da kitsen sterol da ƙumar ke buƙata, dunƙulenta da zarenta suna toshe mata matacin abinci, wata kuma tana da gubar microcystin mai lalata hanta.

Nan na ci ƙasa. Wata Afrilu, zafi ya haura digiri 40, na juye buhun kashin kaji ɗungurungum a kududdufina don in yi sauri. Cikin mako ruwan ya zama kamar an zuba fenti, har da wari. Na haska tocila da dare, ko ƙuma ɗaya babu mai tsalle. Da asuba iskar ruwan ta ƙare, ƴaƴan kifin da yunwa ta bari suka taso ciki sama. Taki mai yawa da zafi da ruwan da ba ya motsi, ai gonar wannan annoba ke nan, kuma ni na nome ta da hannuna. Ku da ke zuba taki ba awo, me kuke jira?

Yanzu ba na yarda da ido. Nakan cika kwalba in bar ta ta kwana. In koren ya taso sama, mugun ne, sai in kwashe shi da ƙyalle, in sauya sulusin ruwan, in tsai da taki. In ya kwanta ƙasa, alhamdulillahi. Taki kuwa a ɗaure cikin buhu nake rataya shi, in tafin hannuna ya ɓace kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, in cire.

Kada ka zuba maganin jan ƙarfe don kashe gansakukar: yana kashe ƙumar, ya fasa gansakukar gubar ta fito. Kada kuma ka shayar da tumaki ruwan da ka zubar.

Wani zai ce ai karfasarsa tana cin muguwar gansakukar lafiya lau. Karfasa tsamin cikinta yana narkar da ita. Jaririn tarwaɗa ba karfasa ba ne, malam.