Moton injin wanki ya ƙi juyi: kurakuran da masu koyo suka ƙi bari

Abin da ya ishe ni da yaran da ke fara gyaran injin wanki shi ne saurin yanke hukunci. An ce inji ba ya juyi, mutum bai ɗauko mitar auna wuta ba, bai ko kwance murfin baya ba, sai ka ji ya ce "moto ya ƙone" ko "ai fanel ne". Moto da fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, suna cikin mafi tsada a jikinsa, kuma sau da yawa ba su da laifin komai.

Mu fara da mai kwano biyu, wanda ya fi yawa a gidajenmu. In moto na gurnani ba ya tashi, amma da ka tura shi da hannu sai ya kama juyi, kafasita, wato 'yar na'urar da ke riƙe caji tana taimaka wa moto tashi, za ka fara tuhuma, ba mai naɗin koyil za ka nufa ba. Galibi ɓangaren wanki na ɗaukar kafasita mai wajen 10 zuwa 12 µF, na matsa kaya wajen 4 zuwa 5. Karanta abin da ke jikin tsohuwar, ka sa daidai da ita. Masu ɗora babba wai don moto ya ƙara ƙarfi, koyil suke dafawa a hankali. Kwanon matsa kuwa, duba igiyar birki da makunnin murfi tukuna.

Sai kuskuren da har yau in na tuna raina ke ɓaci, wato sa sabon fanel ba a gano abin da ya kashe tsohon ba. A inji mai ƙofa a gaba mai moton kabon (wanda sandunan kabon biyu ke kai wa wuta), wata 'yar na'ura mai ƙafa uku a kan fanel, tirayak, ita ke daidaita wutar da ke zuwa moto. In ta lalace ta haɗe, wuta na wucewa kai tsaye, ganga na tashi da gudu kamar za ta fasa ƙofa. Wani yarona ya ga haka ba na shago, ya sayo fanel, ya ɗaura, ya kunna a gaban matar gida. Ko ruwa bai gama shiga ba aka ji "fat", ƙauri ya tashi. Ni na biya na biyu daga aljihuna, ga kunyar da aka sha. Da na ciro moton, cikinsa baƙi ƙirin da garin kabon, wuta na zurarewa zuwa jikin ƙarfen. Yaro, me zai hana ka zare filogin moto ka ɗora mita tsakanin kowace ƙafa da jikinsa? Aikin minti nawa ne? In mita ta nuna haɗi, ko sabon fanel goma ka jera, haka za su bi juna. Ni ba na taɓa fanel sai na ciro moto, na hure shi tas, na duba zoben tagullar da kabon ke gogawa. Kabon da bai kai santimita 1 ba na canza shi, duka biyun tare. Wasu na canza tirayak kaɗai, ni sai na haɗa da duba rile, ɗan makunnin da ke juya moto hagu da dama, don bakinsa kan narke ya manne.

Ba duk gudun hauka ne laifin tirayak ba. A ƙeyar moto akwai ɗan koyil da maganaɗisu, tako, mai gaya wa fanel saurin juyi. In maganaɗisun ya kwance, fanel ba ya samun labari, sai ya ƙara wuta, ganga ta fizga sannan ta tsaya. Samsung kan nuna 3E ko 3C. Sa mita a AC, ɗora ta a kan wayoyin tako, juya sandar moto da hannu, in mitar ba ta motsa ba ka sami mai laifi.

Injin LG marar bel, wanda motonsa ke haɗe da ganga kai tsaye, in ya nuna LE, kada ka ruga kasuwa. Rage kaya, ɗaure noti na tsakiya, gwada wayoyin koyil uku bibbiyu, dole su ba da kusan adadi ɗaya. In sun yi daidai, koma kan ɗan firikwensin da ke manne da koyil. Kuma don Allah, babbar kafasitar fanel irin wannan na riƙe sama da 300V bayan an zare filogi. A jira, a auna, sannan a sa hannu.

Makullin ƙofa in bai kama ba, moto ba zai taɓa samun wuta ba. Bel ya saki, boris ya cije, safa ta maƙale ƙarƙashin faifan da ke juya kaya, duk hannu zai gaya maka in ka juya ganga a kashe. Sannan a auna soket kafin komai. An yi injin ne don 220 zuwa 240V, in wutar unguwa ta yi ƙasa sosai ko a kan ƙaramin janareta ake gwaji, lafiyayyen moto ma gurnani zai yi. Ni a irin wannan gida ba na kwance ko noti ɗaya sai an kawo sitabilaiza ko wuta ta dawo da ƙarfinta.