Batirin tirelar zango a lokacin sanyi: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara da zarar Oktoba ta kama a nan Alberta ta ƙasar Kanada, wayata ba ta hutawa da asuba. Wani ɗan'uwa ne ya sayi tirelar zango, ɗakin kwanan nan da ake ja da mota, ya kwashi iyali zuwa gindin duwatsun Rocky, ƙarfe uku na dare hita ta ɗauke, yara suna ta rawar ɗari. Tambayar ba ta canzawa: "Malam, tukunyar gas ɗina cike take, me ya faru?" Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Hitar tirela gas take ƙonawa, amma fankar da ke hura ɗumin cikin ɗaki da batir take aiki, kuma tana jan wajen amfiya 7 zuwa 10. A dare mai awa 10, ko rabin lokacin kawai ta yi tana juyi, ta sha kusan amfiya-awa 40 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ke nan). Batirin ruwa guda ɗaya da akan sayar da tirela da shi bai cika wuce 80 ba, kuma ba a son a sha fiye da rabinsa. Ga sanyi kuma: a digiri 18 ƙasa da sifili, batirin ruwa kusan rabin ƙarfinsa yake bayarwa. Da wuta ta yi ƙasa fanka za ta rage gudu, hitar kuwa an ƙera ta yadda in iska ba ta kai ba gas ba zai kama ba. Sai ka ji tana hura maka iska mai sanyi. Mu da muka taso da sola da inbata a gida mun saba zafi ne ke kashe batir, shi ya sa nan muke faɗawa rami.

Amma wannan dare ɗaya ne na wahala. Wanda ya ci mini kuɗi daban ne.

Shekarata ta biyu da tirela, na dawo daga zangon ƙarshe ranar Lahadi da dare, a gajiye, batira biyu masu volt 6 sun kusa ƙarewa. Na kai ta filin ajiya na ce gobe zan dawo in sa caji. Goben nan ta zama Janairu. Ashe na'urar da ke sunsunar yoyon gas da agogon rediyo ba sa barci, suna ta tsotsar ɗan abin da ya rage. Da na buɗe akwatin, batiran sun kumbura kamar burodi, ɗaya ya tsage ta gefe, ruwan asid ya daskare a ƙasa ya cinye fenti. Uwargida ta leƙa, ta kalle ni, ba ta ce uffan ba. Da ma faɗa ta yi.

Dalilin shi ne, batir mai cikakken caji ruwansa asid ne mai ƙarfi, sai sanyi ya kai wajen digiri 60 ƙasa da sifili yake daskarewa. Wanda ya ƙare kuwa, abin da ke cikinsa kusan ruwa ne zalla, digiri 7 ƙasa da sifili ya isa ya mayar da shi ƙanƙara. Kuma don Allah, in ka tarar da batir a daskare, kada ka kuskura ka jona masa caja, yana iya fashewa a fuskarka. Ni yanzu ko ƙarfe nawa na dawo, sai na kwance batir na shigo da shi gareji na cika shi kafin in cire takalmi. Wasu suna barin nasu a jiki su kashe makunnin da ke yanke wuta gaba ɗaya, kuma yana yi musu. Ni an sare ni sau ɗaya, ba na yarda.

Sai na ce to, bari in koma litiyam in huta. Nan ne na yi wautar da ta fi ta farko, domin na biya ta da tsada. Na sayi mai araha, na ajiye shi a akwatin waje a kan wuyan tirela inda tsofaffin suke. Litiyam yana ba da wuta lafiya lau har wajen digiri 20 ƙasa da sifili, wannan ne ya ruɗe ni. Abin da ba ya so shi ne a caja shi yana ƙasa da sifili. Kullum da safe rana na fitowa, sola ta fara tura masa wuta yana sanyi ƙalau, ni kuwa ina ciki ina shan shayi ina murna lamba na hawa. A irin wannan sanyi litiyam ɗin ba ya shiga inda ya kamata, sai ya taru ya zama ƙarfe a jikin farantin cikin batir, kuma ba ya komawa. Ba wari, ba kumburi, ba abin da ido zai gani. Da bazara ta zo, batirin da ke kai ni kwana biyu ya koma da ƙyar yake kai asuba.

Jama'a, ku riƙa karanta takardar kafin ku biya kuɗi! In ba a rubuta ɓaro-ɓaro cewa yana yanke caji da kansa in sanyi ya yi yawa ba, ɗauka babu. Akwai masu ɗumama kansu, suna da kyau, amma ni na fi yarda da abin da na yi: na shigo da shi ciki, ƙarƙashin gado, na manna masa ma'aunin zafi a jiki. Kuma kada ɗumin ɗaki ya yaudare ka, cikin batir yana ɗaukar awoyi kafin ya ɗumi. Batirin ruwa kuwa ba a kawo shi ƙarƙashin gado, yana fitar da iska mai kama wuta.

Sauran ƙanana ne. Fitilu huɗun nan na bango da ke nuna caji ba abin dogaro ba ne, sayi mita mai ƙirga abin da ya shiga da wanda ya fita. Batirin ruwa da ya huta ya nuna volt 12.6 cike yake, 12.1 kuwa ya kai rabi. Wayar nan mai baki bakwai da ke haɗa mota da tirela 'yan amfiya kaɗan take turawa, tuƙin awa biyu ba ya cika komai. Sola a watan Disamba a birnin Calgary na nan Alberta, rana awa 8 ce kacal kuma a kwance take, sai ka jingina farantin solar ka share masa dusar ƙanƙara. Ruwan batir bayan caji ake ƙarawa, sai dai in farantan sun fito fili. Janareta nesa da taga, hayaƙinsa kisa yake ba sallama.

Masu jona hitar lantarki mai wat 1500 a inbata kuma, amfiya 125 da ɗoriya take ja. Wani ya kira ni bara yana cewa batirinsa sabo fil ya mutu cikin minti 20. Na tambaye shi me ya jona, ya yi shiru, can ya ce, "Hita ce kawai da butar shayi."