Yadda ake tsige shugaban majalisar ƙauye da ƙuri'ar yanke ƙauna a jihar Kerala ta Indiya

A Indiya majalisar ƙauye ba sarauta ba ce irin ta dagaci. Zaɓe ake yi duk shekara 5, kuma tun gyaran tsarin mulki na 73 da ya fara aiki a 1993 ta zama matakin gwamnati mai cin gashin kansa. Sunanta gram panchayat. Kowace jiha da dokarta, don haka zan tsaya kan Kerala, mai irin waɗannan majalisu 941, inda kansiloli ne ke zaɓen shugaba daga cikinsu, su ne kuma ke iya sauke shi. Ƙa'idar tana sashe na 157 na dokar panchayat ta jihar ta 1994.

A ce kai kansila ne, shugabanku ya ishe ku.

Fara da duba kalanda. Ba a karɓar takardar yanke ƙauna sai shugaba ya cika wata 6 a kujera. In kuma an taɓa gwadawa abin ya faɗi, sai wasu wata 6 sun wuce kafin a sake taɓa shi.

Sai tara sa hannu. Ana bukatar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na dukan kujerun majalisar. A majalisa mai kujeru 18, mutum 6 ke nan. Ku cike fam ɗin sanarwa, ku haɗa da kwafin ƙudirin, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu ya kai da ƙafarsa ga jami'in da Hukumar Zaɓe ta jiha ta wakilta. Ba a aiken yaro, ba a tura ta gidan waya.

Daga nan ragama ta koma hannun jami'in. Dole ya kira zama a ofishin majalisar cikin kwanakin aiki 15, ya aika wa kowane kansila wasiƙa mai rajista da tazarar kwana 7 cur, a kuma manna sanarwa a ofis. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, domin shugaban da ake so a sauke ba shi da ta cewa kan ranar zama, balle ya yi ta jan ƙafa har masu ƙorafi su gaji.

Yanzu ga inda ake yawan tuntuɓe, wato lissafi. Mutum 6 sun isa su buɗe magana, amma ba su isa su rufe ta ba. Kafin a zauna ma, sai rabin kujerun sun hallara, wato 9. Kafin ƙudiri ya wuce kuwa, sai ya sami rinjayen dukan kujerun majalisar, ba na waɗanda suka zo kaɗai ba, wato 10. Ku zo ku 9, ku ɗaga murya ku 9, babu ko mutum ɗaya da ya ja da ku, duk da haka shugaba na nan daram. Shi ya sa magoya bayansa kan ƙi zuwa kawai. Su yi zamansu a gida, ku kuna kallon ƙofa kuna ƙirga kujerun da babu kowa. In adadin zama bai cika ba, doka ta ɗauke shi tamkar kun faɗi, sai bayan wata 6. Saboda haka kada ka miƙa takarda don ka sami 6. Ka riƙe ta a aljihu sai ka tabbata da 10, mutum-mutum, har da wanda ɗansa ke kwance a asibiti da wadda ke shirin tafiya biki wani gari. Rabin kujerun nan na mata ne a Kerala, don haka wanda ya tsaya lallashin maza kaɗai ya yi aikin banza.

Ranar zama jami'in ne ke jagoranta. Zai karanta ƙudirin, ya buɗe muhawara, shi kuwa ba ya tsoma baki, ba ya jefa ƙuri'a. Ba a ɗage zaman sai da dalilin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Awa 3 na cika muhawara ta ƙare, ko da wani na tsakiyar magana.

Ƙuri'ar ba ta sirri ba ce. Kowa zai rubuta sunansa ya sa hannu a bayan takardar, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda jam'iyya ta tsayar. Kerala na da dokar hana sauya sheƙa ta 1999: kansilan da ya saɓa wa rubutaccen umarnin jam'iyyarsa ana iya kai ƙararsa Hukumar Zaɓe, ya rasa kujerarsa, a kuma hana shi takara shekara 6. In cikin mutum 10 ɗinka akwai ɗan jam'iyyar shugaba, faɗa masa wannan tun da wuri. Zalunci ne ka ja mutum cikin rami bai sani ba, kuma wanda ya ji labarin a bakin ƙofa shi ne ke juyawa ya tafi gida.

In ƙuri'u sun cika, shugaba ya sauka nan take, amma yana nan kansilan mazaɓarsa. Mataimaki zai riƙe ofis har Hukumar Zaɓe ta sa ranar zaɓen sabon shugaba, kuma kansilolin nan 18 ne dai za su sake zama su zaɓa.