Darasi na 7: Me Ya Sa Taya Ke Yawan Fashewa?

A Amurka da Turai akwai wata irin mota da ake ƙerawa kamar gida. A cikinta akwai gado, da murhu, da banɗaki, da tankin ruwa. Iyali kan ajiye ta wata da watanni, sai lokacin hutu su loda kaya su kama doguwar hanya. Masu irin wannan mota sun sha kuka da fashewar taya, kuma abin da ke cin tayarsu shi ne ke cin tayar bas da a-kori-kura a nan wajenmu.

Babban abokin gabar taya zafi ne, kuma ƙarancin iska ne ke kawo shi. Idan iska ta yi kaɗan, gefen tayar yakan riƙa lanƙwashewa yana miƙewa duk juyi ɗaya. Ka ɗauki wayar ƙarfe ka yi ta lanƙwasa ta, za ka ji ta yi zafi kafin ta karye. Haka roba ke rabuwa da wayoyin cikin taya, sai a ji fam! a tsakiyar hanya. Don haka a auna iska da geji da safe, kafin mota ta motsa. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Bugun taya da ƙafa ba awo ba ne. Kada kuma a rage iska don taya ta yi zafi a hanya. Idan ta huce, iskar za ta gaza.

Lodi ma haka yake. Lita 200 na ruwa kilo 200 ne, kuma idan tankin yana gefe guda, tayar wannan gefen ce ke shan wahala. Shi ya sa za ka ga taya ɗaya ce kullum ke fashewa. Inda tayoyin baya biyu-biyu ne, ta ciki takan sace ba a sani ba, ta bar wa 'yar'uwarta nauyin duka.

Sai shekaru, kuma nan ne ido ke yaudarar mutane da yawa. Motar da ba ta yawo zanen tayarta ba ya cinyewa, amma rana da daɗewa suna busar da robar. Durƙusa ka duba gefenta: idan ka ga ƙananan tsaga kamar faso, ta gaji. Nemi haruffan DOT da ke rubuce a gefen tayar, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke biye da su, don su ke nuna lokacin da aka yi ta. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Taya ta wuce shekara 5, mai faci ya riƙa duba ta duk shekara. Ta kai 10, a cire ta komai kyanta. Kafin ka sayi ta hannu, karanta wannan lamba, don rayukan da ka ɗauko sun fi kuɗin sabuwa.

Idan ta fashe kana tafe, riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ka danna birki da ƙarfi. Bar motar ta rage gudu a hankali, sannan ka gangara gefen titi.

Aikin gida: je wurin wata mota, ka kwafo lambobi huɗu na kowace taya, ka rubuta shekarunta.