Yadda za ka nemi aikin da ranka zai so a Katsina

Da yawan matasanmu, da sun gama bautar ƙasa sai su kwashi takardu su nufi sakatariya, su ce kowane aiki ne a ba su. Ba a ga laifinsu ba, gida na jira. Sai dai mai "kowane aiki" shi ne za ka tarar bayan shekara biyu yana sa hannu a rajista da safe, kafin azahar ya sulale.

Da farko ka ɗauki biro da takarda. Kada ka rubuta sunan ma'aikata, ka rubuta abin da in kana yinsa ba ka sanin lokaci ya tafi: lissafi ne, yi wa yara bayani ne, ko kwance waya ka mayar? A gefe guda ka rubuta abin da ba ka iya jurewa, kamar kwanan aiki, zama wuri ɗaya ko hayaniyar jama'a.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali ya fi sauran amfani. Ka je ka ga aikin da idonka, gani ya kori ji. In koyarwa kake so, roƙi wani hedimasta a unguwarku ya bar ka ka riƙe aji na sati biyu kyauta. Ka ji yadda muryarka ke dishewa bayan darasi na huɗu, alli ya yi maka fari fat a hannu, ga tulin littattafai suna jiran maki. In gari ya waye kana ɗokin komawa, to ka samu. Ke mai sha'awar aikin jinya, nemi wata nas a Asibitin Koyarwa na Tarayya ki ce, "Anti, me ya fi gajiyar da ke a aikin nan?" Amsar wannan tambaya ta fi ta "nawa ne albashi" bayyana gaskiyar aiki.

Daga nan sai neman gurbi. Jiharmu na da manyan makarantu: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Al-Qalam, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sufuri ta Daura. Mutane na ɗauka malamai kaɗai ake ɗauka a can, sun manta akwai akanta, ma'aikatan ɗakin karatu, masu kula da kwamfuta da direbobi. Ka riƙa leƙa shafukansu na intanet da allunan sanarwa. Kamfanoni da ƙungiyoyin agaji kuwa sun fi sa tallarsu a shafukan neman aiki na intanet irin su Jobberman da LinkedIn. Ka buɗe imel da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi ba.

Amma a Katsina yawancin ayyukan shaguna, makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu da baki suke yawo, a majalisa ko wurin ɗaurin aure. Kada ka ce, "Alhaji, a taimaka mini da aiki." Ka ce, "Alhaji, na iya riƙe lissafin shago a kwamfuta, in an ji mai buƙata a tuna da ni." Wannan ita ce maganar da dattijo zai iya isarwa.

In kuma takardar da ka rubuta tun farko ta nuna hannunka ne mai ƙaiƙayi, kada ka tilasta wa kanka ofis. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa (NDE), wadda aka kafa tun 1986, na haɗa matasa da masu koyar da sana'a, ka je ofishinta ka tambayi lokacin ɗiba.

Takardunka su kasance a shirye: sakamakon makaranta, lambar NIN, shaidar ƙaramar hukuma, da shaidar rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa (TRCN) ga malamai. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saya maka gurbi, ka kama gabanka, da yawa an ba su takardar bogi.

Ranar ganawa da masu ɗaukar aiki kai ma ka yi tambaya. Ina za a tura ka, ƙarfe nawa ake tashi, yaushe ake biya, me ya sa wanda ke kan kujerar ya bari? Ka lissafa kuɗin mota da na abinci na wata, ka cire daga albashin, kafin ka ce ka amince.