Kai ma ka sa komai a Ultra ko? Kurakuran saitin gem da na gaji da gyarawa

Kusan kowace Asabar sai wani ƙanen aboki ya rungumo laftof daga Rikkos ko Anguwan Rogo ya kawo min, wai gem yana sarƙewa. Tun ban buɗe ba na san abin da zan tarar. Inuwa a Ultra, wato matakin ƙoli na kyan hoto, ciyawa a Ultra, hazo a Ultra, duk a kan katin zana hoto GTX 1650 mai 4GB. Ƙanena, kayan raƙumi ka ɗora wa jaki.

FPS ba wani abu ba ne illa yawan hotunan da katin ke zanawa a daƙiƙa ɗaya. In kana son 60, kowane hoto ba shi da fiye da milisakan 16.7, kuma duk saitin da ka ɗaga daga cikin wannan ɗan lokacin yake ci. Ni nakan fara daga Medium, in sauke inuwa da hazo, sannan in ɗaga sauran ɗaya bayan ɗaya ina kallon lambar FPS. Tekscha kuwa, wato zanen da ke jikin abubuwan cikin gem, daban take: wuri take ci a VRAM, ma'ajiyar katin, ƙarfin katin bai cika damunta ba, don haka in ta shige ka bar ta a sama. Gem ɗin GTA V ma yana nuna maka ma'aunin VRAM a shafin saiti, amma mutane sai ya yi ja suke ci gaba. A gem ɗin nan MSAA mai gyara gefen hoto da ciyawa su ne manyan ɓarayi.

Amma ba Ultra ne ya ci min kuɗi ba. Zafi ne, kuma a Jos, garin da muke taƙama da sanyi.

Laftof ɗina na farko na hannu ne, wajen Terminus na saye shi. A kan katifa nake bugawa, cikin hunturu, ni a bargo shi a bargo. Minti goma na farko sai ya ba ni 60 sumul, daga nan ya faɗo ashirin da wani abu. Na sauke saiti har hoton ya koma kamar zanen 'yan firamare, bai canza ba. Na yi ta tsine wa mai shago a raina, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ashe injin ne ke rage wa kansa gudu don kada ya ƙone, abin da suke yi ke nan in zafi ya haura digiri 90. Ga shi ban taɓa ƙayyade FPS ba, katin yana aiki iya ƙarfinsa ko a shafin farko nake zaune ina shan shayi. Da fanka ta fara kuka na ce za ta daina. Ta daina kuwa, ita da madabod, babban allon cikin injin, gaba ɗaya. Ranar da mai gyara ya kwance shi, ƙurar da ya zaro daga bakin fanka ta yi kauri kamar auduga. Sanyin Disamba yana waje, ba ya shiga ramin da ƙura ta toshe!

Tun daga nan na ƙulle FPS a 60, ina barin manhajar MSI Afterburner a kusurwar allo tana nuna min zafi, na ɗaga bayan laftof da marafan kwalba huɗu, kuma duk ƙarshen hunturu sai an hure ƙurar. Wasu za su ce a sayi faifan sanyaya. Ku saya, ni marafaina sun ishe ni.

Sai masu farautar lamba. Monita mai 60Hz hoto 60 yake nunawa a daƙiƙa ko da kusurwa ta ce 140. Linzami zai ɗan ƙara saurin amsawa, ban musa ba, amma 60 da ta tsaya cak ta fi min 100 mai hawa da sauka. Akwai kuma wanda ya sayi mai 144Hz ya shekara a 60, don bai shiga saitin allo na Windows ya canza ba. Wani ma mai kwamfutar tebur wayar HDMI ta monita ya soke a jikin madabod maimakon kati, katin da ya kashe wa kuɗi yana ƙasa yana barci.

In an ɗauke wuta laftof ya koma batir, gudunsa raguwa yake yi, kada ka taɓa saiti, jira janareta. 4K ya ninka 1080p sau huɗu a yawan ɗigo, girman talabijin ɗin falo bai wajabta maka shi ba. DLSS, dabarar ƙara FPS, na katunan RTX ne kaɗai, mai GTX ya nemi takwararsa FSR. Dishi-dishin motsi (motion blur) kashe shi nake yi, juwa yake sa ni.

Makon jiya wani ya sauke komai zuwa Low don 'yan wasansa suna makara a gem ɗin ƙwallo na FC in yana bugawa ta intanet. Na duba, FPS ɗinsa 60 daram. Wayar da yake jan data da ita tana ɗakin Hajiya a caji, bango biyu tsakaninsu.