Ga masu son yi wa gidan ƙasa zane a cikin birni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Matasanmu na cikin birnin Kano sun fara sha'awar ƙawata zaure da zane irin na da, kuma abin yana faranta min rai ƙwarai. Amma don Allah kada ku shafa wa bangon ƙasa siminti kafin ku zana. Siminti ba ya kama ƙasa. Danshi yakan taru a bayansa, bayan damina ɗaya ko biyu sai ka ga ya ɓamɓaro gaba ɗaya, har ya tafi da fuskar bangon.

Ku yi yaɓe da ƙasa da makuba, wato ɓawon ɗorawa, ku fitar da zanen tun yaɓen yana ɗanye. Yatsa da bakin cokali sun isa, a bi a hankali ana ɗaga dagin har ya fito raɗau. In ana son ya jure ruwa, a nemi laso. Shi laso, katsi ne, wato dagwalon da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini a karofi, ake haɗawa da gashin jima da dafara, wani tsiro mai yauƙi, don haka ku tambayi marinan Ƙofar Mata da majema.

A bari sai damina ta ɗauke, kuma a yi aikin da sassafe, domin zafin rana kan sa yaɓe ya tsage. Kafin ku fara, ku shiga Gidan Makama ku ƙare wa bangonsa kallo, sannan ku roƙi tsohon magini a unguwarku ya tsaya muku ranar farko.